Rasuwar Baba Mamuda Mai Jirgin Makarantar Sabuwar Marke

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Makarantar Firamare ta Sabuwar Marke, da ke Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Mustapha Sadiq Marke, tana sanar da 'ya'yanta na gida da na nesa, da iyayen yara, da ɗaukacin al'ummar bakin ruwa, cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma matuƙin jirgin makarantarta, Malam Mamuda Garba, Sarkin Jirgin Sabuwar Marke, wanda yaro da babba suka fi sani da Baba Mai Jirgi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Allah ya karɓi abinsa da hantsin ranar Talata, 7 ga watan Mayu, 2024, daidai da 28 ga Shawwal, 1445, a wani asibiti da ke Yelwa, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya, yana da shekara saba'in da shida a duniya. An yi masa sutura a ranar bayan sallar La'asar a maƙabartar Sabuwar Marke, inda Babban Limamin gari ya jagoranci sallah, kuma maƙwabtanmu Kiristoci, da Fastonsu a gaba, suka tsaya cikin rana tun daga tonon kabari har aka watse. Ya bar matarsa, Inna Zuliha, da 'ya'ya mata huɗu, da ɗa namiji ɗaya, Malam Hamza Mamuda, ma'aikacin lafiya a Birnin Kebbi, da jikoki ashirin da uku. Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta gare su, da kuma ga Mai Girma Hakimin ƙasa, da Dagacin Sabuwar Marke, da Sarkin Ruwa da jama'arsa, da masu tungayen tsallake uku, da Shugabar Makaranta, Malama Susan Philip, tare da malamanta da ɗalibanta.

Mai yiwuwa wanda ba ɗan wannan yanki ba ya yi mamakin yadda ƙungiyar da ke cike da malamai, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwa, da lauya guda ɗaya da muke taƙama da shi, za ta fitar da doguwar takarda irin wannan saboda mutumin da bai taɓa riƙe alli ba, bai kuma taɓa karɓar albashin gwamnati ba, wanda ko sunansa da boko sai da jikarsa ta koya masa bayan ya yi furfura. Amsar tana cikin tarihin makarantar kanta, don haka ya zama dole mu ɗan koma baya.

An buɗe Makarantar Firamare ta Sabuwar Marke a shekarar 1976, a cikin rumfar zana a bayan masallacin Juma'a, da yara ashirin da uku da malami ɗaya tilo, marigayi Malam Daniel, wanda shi ne shugaba, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, shi ne kuma mai bi gida-gida yana roƙon iyaye. Garin kansa a lokacin bai cika shekara goma a sabon mazauninsa ba, domin tsohuwar Marke tana ƙarƙashin ruwa tun da aka tare kogin Kwara a Kainji, tafki ya cika ya haɗiye gonaki da kasuwa da kaburburan kakanni. Rabin mutanen garin sun bi gwamnati zuwa tudu, sauran kuwa suka kafa tungaye uku a tsallake, inda kifi ya fi kusa. Kafin shekarar 1983 yaran rumfar sun ragu zuwa goma sha ɗaya, har takarda ta zo cewa za a rufe ta a mayar da Malam Daniel wani gari. Yara kuwa ga su nan birjik a tsallake, sai dai tsakaninsu da allo akwai ruwa, kuma ba ruwa kawai ba, dajin da ruwa ya rufe.

Duk wanda ya san wannan ɓangare na tafki ya san abin da muke nufi. Itatuwan tsohuwar Marke ba a sare su ba kafin ruwa ya zo. Ƙirya da kanya da marke ba su ruɓewa da sauri, suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau, kawunansu sun karye sun bar kututtura masu tsini. Ƙaramin kwale-kwalen masunci mai mutum biyu yakan wuce ta kansu bai sani ba, amma babban jirgi da ya nutsa da nauyin yara arba'in ba ya wucewa. Ga shi kuma hanyar ba ɗaya ba ce duk shekara: idan ruwa ya cika akwai inda ake bi, idan ya fara janyewa sai a sauya, kuma a irin wannan lokaci na bazara zuwa farkon damina kusan kowane mako da tasa hanya. An taɓa gwada kafa gwangwala a matsayin alama, tarun masunta ya kwashe su cikin kwana uku. Mai son kauce wa wurin baki ɗaya sai ya zagaya ta babban ruwa, tafiyar awa biyu cikin iska da igiyar ruwa, abin da babu uwar da za ta yarda a yi da ɗanta safe da rana.

Malam Mamuda yana da shekara ashirin lokacin da ruwa ya zo. Ya yi kiwon awaki a cikin wannan daji, ya hau waɗannan itatuwa, ya san kowace da sunanta da gonar wanda take. Saboda haka shi idan ya dubi tafki ba ruwa yake gani ba, gari yake gani. Yakan daidaita hancin jirgi da dutsen da ke bayan tungar tsakiya, ya bi abin da yake kira hanyar kasuwa, ya karkata hagu a kanyar maƙera, ya ratsa ta tsakanin ƙiryoyi biyu na gonar kakansa, wuraren da babu mai ganinsu sai shi. A watan da takardar rufe makaranta ta zo, Malam Daniel ya same shi a kwata yana gyaran taru, ya yi masa magana ɗaya. Washegari Malam Mamuda ya sauke yara biyar a gindin makaranta, ta farkonsu 'yarsa Kulu, wadda a yau ita ce babbar ungozoma a asibitin yankinmu. Kafin ƙarshen zangon yaran tsallake sun kai talatin, aka janye takarda.

Daga nan makaranta ta kama hanya. A 1990 jama'a suka yi gayya suka gina ajujuwa biyu na ƙasa, kuma yashin da aka yi yaɓe da shi a jirgin marigayi aka ɗauko. Bayan shekara takwas aka samu ginin bulo na farko da rufin kwano, iska ta yaye kwanon a daminar farko, aka sake bugawa. Hukumar ilimi ta ƙara ajujuwa uku da ofis a 2007, aka haƙa rijiya, aka turo malamai mata, abin da ya sa iyayen tsallake suka daina cire 'ya'yansu mata daga aji huɗu. A zangon da muke ciki rajistar makaranta tana ɗauke da yara ɗari huɗu da goma sha biyu da malamai tara, kuma daga cikin yaran, ɗari da talatin da bakwai daga tsallake suke zuwa: sawu uku da safe, sawu uku bayan an tashi. Shekara arba'in da ɗaya ana haka, kuma muna faɗa da babbar murya, muna masu godiya ga Allah, cewa ko takalmin yaro ɗaya bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Abin da iyaye ke ba shi bai wuce buhun gero da kaka da kifin miya ba, wani ma ba ya bayarwa, kuma ba a taɓa barin ɗan kowa a kwata saboda haka ba.

Ba za mu ce marigayi mutum ne mai sanyin hali ba, domin ranar ta'aziyya ba ranar ƙarya ba ce. Yana da faɗa. Yaron da ya tsoma hannu a ruwa jirgi na tafiya ya san ɗanɗanon filafili a gadon bayansa, kuma akwai manya a cikinmu, masu manyan riguna a yau, da har yanzu ba su iya miƙewa tsaye cikin jirgi saboda tsawarsa tana kunnensu. Ba ya jiran makararre ko da ɗan mai tunga ne. Idan hadari ya haɗu ya ce ba a tafiya, to ba a tafiya, ko jarrabawa ake yi, kuma ya taɓa mayar da wani babban jami'i mai duba makarantu daga bakin ruwa da cewa, "Ranka shi daɗe, kai ka san takarda, ni na san ruwa. Yau ba mu tahiya." Amma shi ne mutumin da yakan ajiye ƙosai a ƙarƙashin benci saboda yaran da suka fito ba su karya ba, ya riƙa ba su a ɓoye yana zaginsu don kada su ji kunya.

A nan ne wannan saƙo zai bar hanyar da aka saba, kuma muna neman afuwar iyalai da manyanmu. Kwamitin zartarwa ya yi doguwar muhawara kan ko ya dace a faɗi abin da ke tafe a cikin takardar ta'aziyya, daga ƙarshe rinjaye ya tafi a kan cewa ɓoye shi ya fi faɗinsa muni.

A babban taronmu na shekarar 2014, Malama Susan Philip, wadda a lokacin ba ta daɗe da karɓar shugabancin makaranta ba, ta miƙe ta ce ya kamata ƙungiya ta nemi mutum ɗaya ko biyu su zauna da Baba su koyi hanya, tunda shekaru sun fara ja. Ba ta rufe baki ba zauren ya kaure. Aka ce ta yi wa dattijo fatan mutuwa yana zaune da ransa da lafiyarsa. Aka ce a garin nan ba a tambayar babba wa zai gaje shi, wannan rashin kunya ne da baƙin baki. Wani ma ya ce ai ita baƙuwa ce, ba ta san al'ada ba, alhali kakanta a tsohuwar Marke aka binne shi. Malama ta zauna, ba ta sake tayar da maganar ba. Don a wanke abin da muka kira cin fuska, taron ya yanke shawarar karrama marigayi: muka sayi injin jirgi, muka roƙi Dagaci ya naɗa shi Sarkin Jirgi, muka yi biki da makaɗa da shinkafa, muka ɗauki hotuna muka watse muna ganin mun yi abin kirki. Mai sa hannu a wannan takarda yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan Malama a ranar, kuma shi ne ya rubuta bayanin taro ya tsallake maganarta kamar ba a yi ba. Yana neman gafararta a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a ya yi mata laifin.

Marigayi ya karɓi rawani, ya karɓi inji. Amma duk wanda ya shiga jirginsa tun daga lokacin ya ga cewa da an iso dajin ruwa yakan kashe injin ya ɗauki gwangwala, ya riƙa tafiya a hankali yana kiran sunayen itatuwa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta wa wani. Mu da muke zuwa hutu muna shiga, dariya muke yi, muna cewa tsufa ya sa Baba hira da matattun itatuwa.

Ranar Juma'a, 26 ga Afrilu, ya sauke sawun ƙarshe, ya ɗaure jirgi, ya ce ƙirjinsa na yi masa nauyi. Tun daga ranar jirgin makaranta bai ɗauki yaro ba. Washegarin sadakar uku, Sarkin Ruwa ya zaɓo Malam Garba Nafisa, masunci mai shekara fiye da ashirin a kan wannan ruwa, mutum mai natsuwa da kowa ya yarda da shi, aka loda wa jirgi buhunan yashi daidai nauyin yara arba'in, aka ce ya gwada. Ya kashe inji inda marigayi ke kashewa, ya bi da gwangwala kamar yadda ya sha gani daga nesa. Bai kai rabin hanya ba kututture ya daki cikin jirgin ya tsaga katako biyu, ruwa ya fara shiga, sai da aka zubar da yashin aka jawo shi da ƙananan jirage. Mun tsaya a kwata muna kallon buhunan nan suna nutsewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san abin da buhunan suke wakilta. Malam Garba ba shi da laifi ko kaɗan, kuma ƙungiya tana gode masa. Ya ce ko za a ba shi garin nan kyauta ba zai sa ɗan mutum a jirgin ba, kuma gaskiyarsa ce.

Ranar sadakar bakwai shugabannin ƙungiya suka shiga cikin gida gaida Inna Zuliha. Shugabanmu, cikin ladabi da kewaye-kewaye irin namu, ya tambaye ta ko marigayi ya bar wa wani sirrin hanya, ko ya yi wasiyya a kai. Abin da ta ce mun rubuta shi yadda ya fito daga bakinta, da izininta:

"Ɗiyana, wane sirri? Babu sirri. Shi dai abin da ubanai ya hwaɗa mai shi na, ba a tallar sanin ruwa awa goro. Mai so shi ka zuwa shi durƙusa shi ce, gwada min. Shekara goma kullum in ya komo sai in ce, yau wani ya tambaya? Shi ce, a'a, Zuliha, sun dai gaishe ni. Hamza boko ya ɗauke shi, bai hana ba, shi da kainai ya kai shi. Ku yaka jira. Rawani kunka kawo mai."

Babu abin da za mu ƙara a kan wannan. Mu muna kunyar tambaya kada a ce muna kiran mutuwarsa, shi yana kunyar tayi kada ya karya abin da ya gada, muka zauna shekara goma muna gaisawa da juna cikin mutunci har ƙasa ta rufe hanya. Tun muna aji ɗaya aka koya mana cewa matambayi ba ya ɓata, ga shi ƙungiya guda ta masu ilimi ta ɓata a ƙofar gidanta. Kuma abin da ya fi ci mana rai shi ne, makarantar da ya raya da hannunsa ita ce ta kwashe duk samarin da da su ne za su zauna a bayan jirginsa, ta mai da su mu.

Da-na-sani ƙeya ce, ba za ta tsallakar da yaro ko ɗaya ba. Saboda haka ƙungiya, bayan shawara da Dagaci da Sarkin Ruwa da Shugabar Makaranta, tana roƙon iyayen tsallake, don girman Allah, kada ɗoki ko tsoron asarar karatu ya sa wani ya cusa yara cikin kwale-kwalen kamun kifi ko ya bi da su ta babban ruwa. Asarar zango ana mayar da ita. Yara goma sha tara na aji shida, waɗanda jarrabawar fita ke gabansu, za a ɗauko su bibbiyu a ƙananan jirage da rigar hana nutsewa, kuma gidaje goma sha ɗaya a Sabuwar Marke, na Musulmi da na Kirista, sun riga sun ce a kawo musu su riƙe har a gama. Sauran ɗari da goma sha takwas kuwa, gaskiya ita ce har zuwa rubuta wannan takarda ba mu da abin da za mu ce musu. Mun rubuta wa hukumomin da abin ya shafa, muna jiran amsa, amma mun san yankinmu: yaron da ya yi wata biyu yana jan taru ko yarinyar da ta zauna gaban bandar kifi, da wuya aji ya sake ganinsu.

Muna kuma kira, da murya mai ƙarfi da ba mu yi amfani da ita ba lokacin da ya kamata, ga duk wani dattijo ko dattijuwa da aka haifa a tsohuwar Marke kafin zuwan ruwa, ko yana Wara, ko Yelwa, ko ƙasar Shanga, ko duk inda ƙaura ta jefa shi, wanda ya tuna inda kanyar maƙera take, ko ta wane gefen kasuwa hanya ta bi: ya aiko mana, mu za mu zo da ƙafarmu. Haka nan duk tsohon ɗalibin da kunnensa ya riƙe ko sunan itace ɗaya daga cikin waɗanda Baba ke kira, da wanda ke biye da shi, ya rubuto wa Malama Susan, wadda ƙungiya ta roƙa ta jagoranci wannan aiki kuma ta amsa ba tare da ta tuna mana komai ba. Wannan karon za mu durƙusa mu tambaya.

Muna roƙon Allah Mai Rahama ya jiƙan Malam Mamuda Garba, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sanya kowane harafi da yaron tsallake ya koya a mizaninsa, ya tsallakar da shi Siraɗi lafiya, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba Inna Zuliha da Hajiya Kulu da Malam Hamza da sauran 'ya'ya da jikoki haƙurin jure wannan babban rashi, ya albarkaci bayansa, mu kuma ya yafe mana sakacinmu, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Daga ƙarshe, muna roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa kada ya tsaya ga addu'a kaɗai, domin lokaci ba ya tare da mu. Mai tungar tsakiya ya shaida mana ta waya cewa har yanzu yara kan yi wanka da safe, su sa kayan makaranta, su sauko kwata su tsaya suna duban wannan gefe har rana ta yi zafi, sannan su koma gida. A Litinin ɗin farko ya ƙirga fiye da ɗari. Jiya Laraba ashirin da biyu suka sauko.

Sa hannu:
Malam Lukman Abdullahi Marke,
Sakataren Yaɗa Labarai,
a madadin Shugaba da Kwamitin Zartarwa,
Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Makarantar Firamare ta Sabuwar Marke,
Ƙaramar Hukumar Ngaski, Jihar Kebbi.
Alhamis, 16 ga Mayu, 2024.